Baƙo a Kan Taswira: Zangunan Akra da Tarihin Sa Bakin Jama'a a Tsara Birni, 1908–2021

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi dangantakar da ke tsakanin hukumomin tsara birnin Akra na ƙasar Gana da mazauna zangunan birnin, tun daga annobar 1908 zuwa shekarar 2021. An duba yadda aka kafa Sabon Zango da Nima, da dokar tsara gari ta 1945, da babban tsarin birni na 1958, da korar baƙi ta 1969, da kuma ƙidayar da mazauna Tsohuwar Fadama suka yi wa kansu a 2009. Abin da maƙalar ke son nunawa shi ne, ƙofar sa baki da doka ta buɗe an yanka ta ne daidai tsayin mai takardar fili da mai sarautar ƙasa, alhali galibin mutanen zango 'yan haya ne a kan ƙasar aro. A wuraren da muryarsu ta yi tasiri, ta bi ne ta hanyar da suka sara wa kansu.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1969 aka fitar da rubuce-rubuce biyu waɗanda har yau masana tsara birane ke komawa gare su idan ana batun sa bakin jama'a. A Amurka, Sherry Arnstein ta siffanta shigar talakawa cikin shirye-shiryen hukuma da tsani mai matakai takwas. A ƙasan tsanin akwai yaudara, inda ake tara mutane don su tafa wa abin da aka riga aka yanke. A tsakiyarsa akwai sanarwa da tuntuɓa. A ƙololuwarsa kuma jama'a ke riƙe da ikon yanke hukunci. A Ingila, kwamitin da Arthur Skeffington ya shugabanta ya ba gwamnati shawarar a riƙa jin ta bakin mutane tun ana shata tsari, kada a bari sai an gama.

A wannan shekarar dai, ranar 18 ga Nuwamba, gwamnatin Kofi Busia ta Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar ƙasar. Unguwannin da wannan umarni ya fi girgizawa su ne zanguna. Yayin da ake muhawara a Landan kan yadda za a saurari mazauna unguwa, a Akra ana tambayar ko mazaunin unguwar yana da hurumin kwana a cikinta ma.

Wannan daidaituwar lokaci ta fito da tambayar da tsanin Arnstein bai tsaya a kanta sosai ba, domin ya ɗauka an riga an san su wane ne jama'a. A birnin da Hausawan zango ke kira Ankara, amsar ba ta taɓa zama a fili ba. Kalmar zango a asalinta masaukin ayari ce, wurin da fatake ke sauke kaya su kwana su wuce. Sunan ya zauna wa unguwannin da jikokin fataken suka haifi nasu jikokin, kuma tunanin cewa mazauninsu mai wucewa ne ya daɗe a ofisoshin gwamnati fiye da yadda ya daɗe a zukatan mazauna.

2.0 Tsarin da Ya Riga Taswira

Turawan Ingila sun mai da hedikwatar mulkinsu daga Cape Coast zuwa Akra a 1877. Sun tarar da garin mutanen Ga mai unguwanni da sarakuna da dokokin ƙasa na gargajiya, sannan ga ƙaramar al'ummar Musulmi da ta haɗa da fataken goro da mahauta da malamai da tsofaffin sojojin rundunar da Turawa ke kira ta Hausawa, wadda ta yi yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. A wajajen 1881 Malam Idrisu Na'inno ya sami fili a hannun sarakunan Ga, ya kafa Zangon Malam a tsakiyar gari. Sunayen wasu unguwannin Akra na ɗauke da shaidar wannan zama har yau: Tudu kalmar Hausa ce, Fadama ma haka, kuma ana danganta Adabraka da kalmar albarka.

Farkon abin da za a iya kira tsara gari na hukuma a Akra tsoron cuta ne ya haife shi. A 1908 annobar da ƙumar ɓera ke yaɗawa ta ɓarke a garin. Aka aiko Farfesa W. J. Simpson daga Landan, aka rushe gidaje a cunkusassun unguwanni, aka shata sababbin filaye a Adabraka da Korle Gonno, aka kuma ƙara ƙarfafa manufar ware mazaunin Turawa nesa da na 'yan ƙasa. Likita da injiniya ne suka zana garin a wannan zamani. Ba a nemi shawarar kowa ba, kuma babu wanda ya yi da'awar an nema.

Duk da haka mutanen Ga ba su rasa makamin kare kansu ba. Suna da sarakuna da ƙungiyoyin asafo na mayaƙan gargajiya, da lauyoyi, da jaridu, da matan kasuwa. Lokacin da gwamnatin Guggisberg ta kafa dokar majalisun birane ta 1924, wadda jama'a suka fahimta a matsayin hanyar ƙara harajin gida, boren da aka yi a Akra ya hana dokar aiki. John Parker ya ba da labarin wannan gwagwarmaya dalla-dalla a littafinsa na 2000 a kan tarihin garin. Abin lura shi ne duk waɗannan makamai sun jingina ne da mallakar ƙasa, wadda ɗan zango ba shi da ita.

Abin da yake da shi wani abu ne daban. Cunkoso da rigingimun limanci da shugabanci tsakanin Hausawa da Yarabawa da Fulani sun sa Malam Bako, ɗan Malam Na'inno, ya nemi sabon fili a hannun sarakunan yankin James Town, a hayin tafkin Korle. A wajajen 1912 ya kafa Sabon Zango. Binciken Deborah Pellow, wadda ta shafe shekaru tana nazarin unguwar kuma ta wallafa littafi a kanta a 2002, ya nuna cewa Malam Bako bai bar wurin ya cika kara zube ba. Ya shata layuka, ya keɓe wurin gidansa da masallaci, ya raba fulotai ga 'ya'yansa da mabiyansa da baƙin da suka zo neman masauki, har da sashen da makafi suka zauna da sarkinsu. Gidajen farko an gina su da zaure irin na ƙasar Hausa. Mai neman fili ya san ƙofar da zai durƙusa, mai ƙarar maƙwabci a kan iyaka ko kwata ya san inda zai kai kuka.

Bai kamata a yi wa wannan tsari kwalliyar da ba tasa ba. Mulkin maigida ne a kan baƙinsa. Mata da 'yan haya da waɗanda ba Hausawa ba ba su da murya daidai da ta dangin mai zango. Amma yana da siffa guda da babu wani babban tsarin hukuma da ya taɓa samu a Akra: mai yanke hukunci yana kwana a unguwar da ya tsara, yana taka kwatar da ya yarda a haƙa, kuma ana iya tare shi bayan sallar asuba. Shekaru sama da talatin kafin a zana babbar taswirar Akra ta farko, akwai unguwa a birnin da mazaunanta suka shata da hannunsu.

3.0 Nima da Dokar 1945

Labarin Nima ya bi wata hanya. A 1931 Malam Amadu Futa, mai harkar shanu, ya sami fili a arewacin gari daga iyalin Odoi Kwao na Osu. Wasu na cewa sunan daga kalmar ni'ima ya fito, wasu kuma na mai da shi ga harshen Ga. Wurin yana wajen iyakar majalisar gari, saboda haka dokokin gini ba su kai gare shi ba, famfo da kwata da kwashe shara ma ba su kai ba. Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo sansanonin soja da filin jirgin saman da Amurkawa suka yi amfani da shi a kusa, aiki ya samu na leburanci da wanki da girki da gadi, mutane suka kwararo daga arewacin ƙasar da Najeriya da yankunan mulkin Faransa. Yawan mutanen Akra ya tashi daga kimanin 61,000 a 1931 zuwa kimanin 135,000 a 1948, ya kai kimanin 338,000 a 1960. Kaso mai yawa na sababbin zuwa ɗaki guda suka kama haya a wurare irin Nima. Sai a farkon shekarun 1950 aka shigar da unguwar cikin iyakar birni, lokacin da gini ya riga ya cinye wuraren da titi zai bi.

A tsakanin nan ne girgizar ƙasa ta 22 ga Yuni 1939 ta rushe gidaje da yawa a Akra, gwamnati ta shiga gina rukunin gidaje da raba kayan gini. Masana tarihin siyasar Musulmin Gana suna danganta shigar Ƙungiyar Musulmi ta Gold Coast, wadda aka kafa a 1932 don taimakon juna, cikin siyasar majalisar gari da ƙorafin cewa an yi wa mutanen zango rowa a wannan rabo. Ke nan siyasar zango a Akra daga batun kwano da siminti ta faro, kafin ta zama batun addini ko jam'iyya.

A 1944 Maxwell Fry, mai ba gwamnatocin Ingila na Afirka ta Yamma shawara kan tsara gari, ya zana tsarin Akra. Shekara guda bayan haka aka kafa Dokar Tsara Gari da Karkara ta 1945, wadda aka kwaikwayo daga dokar Ingila ta 1932. Wannan doka ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ta mulki tsara birane a Gana har shekara 71, ta ga tafiyar Turawa da jamhuriya huɗu da juyin mulki da dama.

Dokar ba ta rufe ƙofa gaba ɗaya ba. Ta tanadi a ayyana yanki a matsayin wanda za a tsara, a naɗa masa kwamiti, a zana tsari, a ajiye shi a ofis, a buga sanarwa a gazet ɗin gwamnati, sannan duk mai ƙorafi ya gabatar a cikin wa'adi. Wanda tsarin ya taɓa dukiyarsa yana iya neman diyya. A takarda wannan adalci ne. Sai dai a auna shi da mazaunin Nima na 1950. Gazet da Turanci ake buga shi, shi kuwa karatunsa na allo ne, in ya yi rubutu da ajami yake yi. Taswira tana ofis a cikin gari, ana buɗe ofishin a lokacin da yake wurin aiki. Ko ya je ya gani ya fahimta, da wane suna zai yi magana? Ƙasar ta iyalin Ga ce, izinin zama a hannun sarkin zango yake kuma sau da yawa da baki aka ba da shi, ginin na maigida ne, shi kuwa ɗaki ɗaya yake haya. Diyya tana bin dukiya, ƙorafi mai nauyi yana bin diyya. A gidan da mutum talatin ke kwana, wanda doka ke gani bai wuce guda ba, wani lokaci ma wannan gudan ba a unguwar yake zaune ba.

4.0 'Yancin Kai da Tsarin 1958

Ana iya zaton samun 'yancin kai a 1957 zai sauya wannan lissafi. Ta wata fuska ya ƙara dagula shi. Ƙungiyar Musulmi ta rikiɗe ta zama jam'iyyar MAP a farkon shekarun 1950, ta sami kujeru a majalisun garuruwan Akra da Kumasi, ta kuma tsaya a ɓangaren masu adawa da jam'iyyar CPP ta Kwame Nkrumah. Wannan ne karo na farko da mutanen zango suka zauna, da ƙuri'arsu, a zauren da ake yanke maganar titi da kasuwa. Zaman bai daɗe ba. A 1957 gwamnati ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, manyan jagororin zangon Kumasi, zuwa Najeriya, duk da cewa sun kai ƙara kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne. Kafin shekarar ta ƙare aka kafa dokar da ta haramta jam'iyyun addini da na ƙabila. Darasin ya isa kowane zango: sarkin da ya ja da gwamnati yana iya wayar gari a hayin iyaka.

A cikin wannan yanayi aka fitar da babban tsarin Akra na 1958, wanda B. A. W. Trevallion da Alan Hood suka shirya. Rahoto ne zuwa ga Ministan Gidaje, kuma wanda aka rubuta wa rahoto shi ake sa ran ya amsa. Tsarin ya yi tanadin sake fasalin tsakiyar gari, da ƙawata bakin teku, da manyan tituna, da rushe cunkusassun unguwanni a sake gina su. Nkrumah ya ɗauki abin da ya dace da burinsa ya ajiye saura, ya gina Dandalin Baƙar Tauraruwa da sauran gine-ginen alfaharin ƙasa. Trevallion kuwa daga baya ya wuce Kano, inda ya shirya tsarin shekara ashirin na birnin, 1963 zuwa 1983; hannu ɗaya ne ya zana wa Bahaushen Fagge da Bahaushen Nima makomar unguwarsu.

Illar da irin wannan tsari ya yi wa Nima ba ta rushewa ba ce, domin ba a rushe ta ba. Illar jira ce. Unguwar da aka rubuta za a sake ginawa, hukuma ba ta ganin dalilin kashe kuɗi a kan kwatarta, maigida kuma ba ya ganin dalilin zuba bulo a gidan da bai san ranar da katafila za ta zo ba. Sai ya ƙara ɗakuna na katako da kwano a tsakar gida da zaure, ya zuba 'yan haya. Alƙalamin da ya kira unguwar ƙazama ya taimaka wajen tabbatar da sunan.

Inda aka tashi mutane kuwa, tsohuwar dabarar Malam Bako ce ta sake ceton su. A 1959 mutanen da aka tasa daga Shiashie, kusa da filin jirgin sama, suka bi Alhaji Saidu Kardo zuwa filin da aka samu daga masarautar La, suka kafa Madina. A farkon shekarun 1960 aka kwashe mazauna Fadama daga bakin tafkin Korle zuwa Sabuwar Fadama, inda gidan babban limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, yake a yau.

5.0 Daga Korar Baƙi Zuwa Babban Titi

Keith Hart ya zauna a Nima a tsakiyar shekarun 1960 yana nazarin 'yan ci-rani na ƙabilar Frafra. Daga abin da ya gani a lungunanta ya fitar da ra'ayin tattalin arzikin da ba ya cikin rajistar hukuma, wanda ya gabatar a 1971 aka wallafa a 1973, kuma ya zama ɗaya daga cikin kalmomin da hukumomin raya ƙasashe suka fi amfani da su. Duniya ta koyi wani abu daga Nima tun kafin ofishin tsara birnin da ke 'yan kilomitoci kaɗan daga gare ta ya koya.

Sai umarnin 1969 ya zo. Sama da mutum 100,000 ne suka bar Gana cikin 'yan watanni, a mafi ƙanƙantar ƙiyasi, da yawansu haifaffun ƙasar ne da ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba. An sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance. Waɗanda suka rage sun koyi yin shiru, wasu suka sauya suna ko asalin da suke faɗa wa jami'i. Duk wanda ke mamakin dalilin da ya sa dattawan zango ke ɗari-ɗari da mai ɗauke da fom da biro, ko da ya ce don alherinsu ya zo, ya tuna cewa akwai zamanin da amsa tambayar "daga ina kake" ke raba mutum da gidansa.

A ƙarshen shekarun 1960 ɗaliban jami'a da wasu ƙwararru suka kafa ƙungiyar sa kai mai suna Operation Help Nima, wadda ta yi aiki da shugabannin unguwa kan tsafta da ilimi, ta kuma tsaya kan cewa a gyara Nima da mutanenta a ciki. Gwamnatin soja ta Acheampong ta ɗauko batun sake gina unguwar, amma abin da ya tabbata a ƙasa a shekarun 1970 shi ne babban titin da ya ratsa ta tsakiya, bayan an rushe gidajen da ke kan hanyarsa. Titin ya amfani kasuwar Nima, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai buƙatar mota mai wucewa ce ta zaɓi inda zai bi.

Sauyin da ya fi wannan ma'ana ya zo a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da wani shiri da Bankin Duniya ya ba da rancensa ya gyara gabashin Mamobi, maƙwabciyar Nima, ta hanyar shigar da hanyoyi da kwatoci da famfuna da bayan gida na jama'a ba tare da kwashe unguwar ba. Gyara a wurin ya tilasta wa injiniya yin magana da mai gida, domin ba a iya jan kwata ta ƙofar mutum ba tare da an gaisa da shi ba. Dokar ƙananan hukumomi ta 1988 ta ba unguwanni zaɓaɓɓun wakilai a majalisun gundumomi, dokar tsare-tsaren ƙasa ta 1994 kuma ta wajabta zaman sauraron jama'a kafin a amince da shirin raya gunduma. Amma taswirar amfani da ƙasa ta ci gaba da zama ƙarƙashin dokar 1945.

6.0 Ƙidayar Tsohuwar Fadama

Filin da aka kwashe mutane daga kansa a bakin tafkin Korle bai zauna fayau ba. Daga shekarun 1980 ya sake cika, ya kuma bunƙasa bayan rikicin Konkomba da Nanumba da Dagomba na 1994 ya koro dubban mutane daga arewacin Gana. Mazauna Tsohuwar Fadama ta yau galibinsu 'yan arewacin ƙasar ne masu dako da sayar da doya a kasuwar Agbogbloshie, kafin 2021 kuma har da sayar da albasa da tsintar ƙarfe a can. Ba zangon Hausawa ba ne irin na Malam Bako, amma ta gaji matsayin zango a idon hukuma, har da ƙari: jaridu da jami'ai sun laƙaba mata sunan Sodom da Gomora, garuruwan mutanen Annabi Luɗu, kuma sunan da aka ba wuri yakan faɗi hukuncin da ake shirya masa.

A watan Mayu na 2002 Majalisar Birnin Akra ta ba mazauna takardar tashi, saboda aikin farfaɗo da tafkin Korle. Suka garzaya kotu da taimakon lauyoyi masu kare haƙƙin jama'a, a watan Yuli babbar kotu ta yanke cewa ba su da hurumin zama. Ta fuskar doka magana ta ƙare a nan.

Abin da ya biyo baya shi ne sashe mafi ban sha'awa a wannan tarihi. Mazauna suka kafa ƙungiyoyin adashi, waɗanda mata suka fi yawa a cikinsu, suka haɗu da ƙungiyar People's Dialogue on Human Settlements da gamayyar mazauna unguwannin talakawa ta duniya, wadda ta koyi dabarunta a Indiya da Afirka ta Kudu. Daga waɗannan adasai aka gina tarayyar talakawan birane ta Gana. Babban makaminsu ƙidaya ce. Sun ƙirga kansu a 2004, suka sake a 2006 zuwa 2007, sannan a 2009, lokacin da barazanar tashi ta sake tasowa, suka bi gida-gida suka sa wa kowane ɗaki lamba. Sakamakon ya nuna mutum 79,684 a kan fili mai kimanin hekta 31, adadin da ya zarce abin da hukuma ke zato nesa ba kusa ba. Ƙidayar ta kuma nuna cewa galibinsu suna da sana'a, kuma sana'ar tana ɗaure da kasuwannin da ke kewaye.

A nan tarihi ya juya da kansa. A 1969 ƙirga mutum hanyar korarsa ce. Bayan shekara arba'in mutane suka ƙirga kansu don kada a kore su, kuma abin da ya bambanta biyun shi ne hannun da ke riƙe da littafin. Mai ƙidayar maƙwabci ne da ke jin Dagbanci ko Hausa, bayanan kuma a wurin ƙungiya suka zauna. Jami'in da ya shirya motocin kwashe mutum dubu talatin ya tarar da lissafinsa ya rushe, ɗan siyasa kuma ya ga ƙuri'u. Hukumar da kotu ta ba gaskiya ta koma teburin tattaunawa da mutanen da kotu ta ce ba su da hurumi.

Nasarar tana da iyaka, kuma iyakar ta bayyana da zafi. Ranar 3 ga Yuni 2015 ambaliya da gobarar gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah suka kashe sama da mutum 150. Aka ɗora wa gine-ginen bakin kogin Odaw laifin toshe ruwa, ranar 20 ga watan katafiloli suka shiga Tsohuwar Fadama suka rushe sashen da ke bakin ruwa, dubban mutane suka kwana a fili cikin damina da azumi. A watan Yuli na 2021 aka share filin 'yan gwangwan na Agbogbloshie, aka mai da kasuwar albasa Adjen Kotoku, can bayan gari. Ƙidaya ta saya wa unguwar lokaci da kujera a wurin taro. Takardar ƙasa ba ta cikin abin da ta saya.

7.0 Dokar 2016 da Kujerar Sarkin Zango

A 2016 majalisar dokoki ta maye gurbin dokar 1945 da Dokar Amfani da Ƙasa da Tsara Wurare, mai lamba 925. Sabuwar dokar ta raba tsari hawa uku, daga babban tsarin yanki zuwa na gari zuwa na unguwa, ta wajabta tuntuɓar jama'a, ta kuma umarci kowace gunduma ta buɗe ɗakin da kowa zai iya shiga ya duba taswira. Dokar mulkin ƙananan hukumomi ta wannan shekarar, mai lamba 936, ta keɓe sashe ga shigar jama'a cikin harkokin majalisa. A 2017 gwamnatin Nana Akufo-Addo ta kafa ma'aikatar raya tsakiyar birane da zanguna da kuma asusun raya zango, a 2018 Nima ta zama hedikwatar sabuwar majalisar Ayawaso ta Gabas. A karon farko kalmar zango ta shiga sunan ma'aikata da na doka.

Tsohon gibin bai cike ba tukuna. Inda dokokin tsara gari suka ba sarautar gargajiya kujera, masarautar da ke da ƙasa ake nufi. Tsarin mulkin 1992 ya fassara sarki da wanda ya fito daga gidan sarauta aka kuma naɗa shi bisa al'adar wurin, sarakunan zango kuwa ba sa cikin majalisun sarakuna na jiha ko na ƙasa. Majalisarsu daban take. Ana gayyatar sarkin zango taro, ana ba shi kujerar gaba, ana roƙonsa ya kwantar da hankalin matasa, amma sa hannun da ke halatta fuloti ba nasa ba ne. Ɗan hayar da ke bayansa kuwa, wanda shi ne mafi rinjaye a Nima da Mamobi da Sabon Zango, har yanzu ta bakin maigida ake jin sa.

A jawabinsa ga majalisa a farkon 2019 shugaban ƙasa, wanda gidansa na kansa ke gefen Nima, ya sanar da cewa ana shirya tsarin sabunta unguwar ba tare da an kori mazaunanta ba. Tambayoyin da suka biyo baya su ne irin waɗanda kakanninsu za su iya yi wa tsarin 1958: wa za a ba sabon gida, mai ƙasa ko mai gini ko mai haya, kuma ina za a zauna kafin a gama. A farkon 2021, da aka sake fasalin gwamnati, aka rufe ma'aikatar zanguna, aka bar asusun a ƙarƙashin ofishin shugaban ƙasa.